Ranar da Aka Wanke Duwatsun Matata

Tafkin garinmu yana gangaren makarantar kwana ta 'yan mata, kuma duk abin da aka zubar a makarantar nan a tafkin yake ƙarewa. Tun ina yarinya ake yin su, wato kamun kifi na gayya, a cikinsa sau ɗaya a shekara, bayan an gama sussuka ruwa ya ja baya. Mai gari ne yake sa rana. Kafin ranar, ko ƙugiya aka gan ka da ita a bakin ruwan sai ka sha kunya. Ranar kuwa kowa da komarsa, ragar kamun kifi, mata da ƙwarya da kwando, tsofaffin da ba sa iya shiga ruwa ma ana ware musu rabonsu. Da aka faɗaɗa makarantar ɗalibai suka yi yawa, sai sokawe, ramin da ruwan masai ke taruwa, ya riƙa tumbatsa yana gangarowa. Ruwan ya koma kore shar, ya ɗau wari, shekara huɗu a jere ba a yi su ba. Akwai yaran da suka yi wayo ba su taɓa ganin an yi ba.

Sai wata ƙungiya ta zo ta gina abin da muke kira matata, don tace ruwan kafin ya isa tafki. Tankunan siminti ne guda biyu a bayan katangar makaranta, an cika su da duwatsu kamar dunƙulen hannu. Famfo mai aiki da hasken rana yana ɗago ruwan sokawe, yana ɗiga a kan duwatsun tanki na farko ta wasu bututu masu huji, ya wuce na biyu, sannan ya bi kwata zuwa tafki. Ana neman mai kula da ita, wanda ya iya karanta lamba kuma ba ya ƙyama. Samarin da suka yi sakandare duk suka noƙe, wai aikin kashi ne. Ni kuwa a lokacin ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba. Na haura arba'in kafin na riƙe fensir, mijina ya rasu, 'ya'yana sun watse neman na kansu. Na ce a ba ni. Wadda ta yi shekara talatin tana kai takin awaki gona a ka, me ruwan sokawe zai yi mata?

Wata malama injiniya ce daga Kano ta koya mini aikin. Gajera ce, ga saurin magana, amma ba ta taɓa yi mini kallon jahila ba. Ranar farko ta ɗauko dutse ɗaya ta miƙo mini.

"Baba, me kika gani?"

"Dutse."

"Nan da wata ɗaya da rabi zai yi yauƙi, ya yi ƙasa-ƙasa kamar ƙasan randa. Wannan yauƙin shi ne matatar. Duwatsun nan gado ne kawai aka shimfiɗa masa."

Ta ce a cikin yauƙin akwai halittu ƙanana da ido ba ya gani. A fitsari da bayan gida akwai abin nan da ke cikin takin yuriya, wanda ke sa ganyen masara ya yi kore. A ruwa sunansa amoniya, shi ne mai yajin da ke dukan hanci a bakin masai. A gona alheri ne, a tafki kuwa yana kashe kifi. Halittun tanki na farko su ne suke cin amoniya su juya ta wani abu mai sauƙi, amma sai da iska, shi ya sa ruwan yake ɗiga ba ya kwanciya. Na tanki na biyu ba sa son iska, a nutse suke aiki, su ƙarasa abin ya tashi ya bi sararin Allah. Su kuma abinci suke so.

"Wane irin abinci?" na ce.

"Mai ɗan gari-gari ko zaƙi. A birni akwai wanda ake saya."

"Ƙasari fa?"

Ba ta san ƙasari ba, 'yar birni. Na ce ruwan da ake wanke surfe da shi, wanda muke ba awaki. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce a gwada. Aka gwada, ya yi. Tun daga nan kullum da safe sai na bi ta kicin ɗin makaranta na ɗauko bokiti biyu.

Abu na ƙarshe da ta koya mini shi ne tsami. Ta ce halittun tanki na farko idan suna aiki ruwan yana yin tsami, idan tsamin ya yi yawa kuma sai su kwanta su daina ci. Ta ba ni wasu siraran takardu a kwalba. A tsoma ɗaya a ruwa, ta canza launi, a gwada da lambobin jikin kwalbar. Bakwai shi ne tsakiya. Idan ta gangara ƙasa da haka ruwa ya yi tsami. Akwai wata takardar kuma ta amoniya, ita ruwan ɗorawa take idan lafiya, ta yi kore idan ba lafiya. Ta fara yi mini bayanin maganin tsami da sunayen Turanci, na katse ta.

"Malama, idan yakuwa ta yi wa miya yawa me kike sawa?"

"Kanwa."

"To?"

Ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Wallahi Baba ita ce. Amma kaɗan-kaɗan, sai takarda ta nuna."

Na yi kiwon yauƙin nan kamar yadda nake kiwon tinkiya mai ciki. Lokacin sanyi ya yi nawa, na rage masa ruwa. Ranar da masu shara suka wanke masai da magani mai yawa, na je har ofis na yi musu tas, aka rage. Na san warinsa idan yana lafiya, warin ƙasa ce da aka yi wa yayyafi. A gari kuwa aka sa mini suna uwar majina. Yayata, wadda nake bi, ita ta fi kowa. Ita ce shugabar matan unguwarmu, kuma duk garin nan ba wadda ta kai ta tsabta. Tukunyarta za ka ga fuskarka a ciki. Idan na shiga gidanta sai ta nuna mini buta tun daga zaure.

"Wanke hannu, 'yar boko. Mutane suna karatu su zauna a ofis, ke kin yi naki kin ƙare a gindin masai."

"Yaya, ranar su ki tuna da wannan maganar, kar na gan ki da kwando."

"Allah ya kai mu. In kifin bai yi warin majinarki ba."

Allah kuwa ya kai mu kusa. A shekara ta farko koren tafkin ya washe. Da damina ta zagayo ruwa ya haɗe da rafi, kifi ya shigo. A shekara ta biyu da hantsi za ka ga karfasa suna wasa a gefen ciyawa, tarwaɗa tana leƙowa tana komawa. Bayan sussuka mai gari ya aiko aka duba, ya sa ranar su, saura sati uku. Tsofaffi suka fara ciro komarsu daga rufin ɗaki suna ɗinke inda ɓera ya ci.

A satin ne shugaban makaranta ya kira ni ofis. Ya ce manyan baƙi za su zo daga ƙungiyar da ta gina matata, har da masu ɗaukar hoto. Za a share ko'ina, a shafa farar ƙasa a gindin bishiyoyi. Kowa ya san haka muke. Baƙo in zai zo, ko kwanon da ba za a ci da shi ba sai an darje. Ban ga laifin wannan ba, ni ma haka uwata ta koya mini.

"Sai kuma duwatsun nan naki, Baba," ya ce. "Na leƙa jiya. Abin kunya ne. A wanke su."

"Malam, ba a wankewa."

"Kamar yaya ba a wankewa? Kin ga yadda suka yi kuwa?"

"Abin da ka gani shi ne yake aikin. Ka wanke shi ka kashe matatar."

Ya cire tabarau ya dube ni. Mutum ne mai digiri, an ce har biyu. Ya ce, "Baba, ni ban hana ki aikinki ba. Amma mutanen nan sun kashe dukiyarsu, su zo su tarar da ƙazanta? Su ce ba mu iya riƙe amana ba?"

Na ce ya kira malama ya tambaye ta. Ya ce zai kira. Na san bai kira ba, don ni na kira, wayarta a kashe. Ashe ta haihu, an yi mata aiki, tana kwance a asibiti. Na koma na sake gaya masa, a gaban mataimakinsa, cewa duk wanda ya taɓa duwatsun nan ni da shi ne. Ya ce to, shi ke nan, an bar maganar. Ni kuma na yarda. Wannan yardar tana cikin abubuwan da har yau nake jin haushin kaina a kai.

Ana gobe baƙi za su zo, ranar kasuwar Ɗanbatta ce, kanwata kuma ta ƙare. Na yi sammako na shiga mota. Na sayi jar kanwa rabin buhu, na tsaya gaisuwar wata 'yar uwa, ban dawo ba sai bayan la'asar. Tun daga bakin katanga hancina ya gaya mini. Warin asibiti ne ya tare ni, warin bilic, ruwan nan da ake sa farin kaya a ciki.

Mata ne wajen ashirin, duk na san su, wasu ni na yi musu wankan jego. Sun ɗaure hanci da ɗankwali, sun kwashe duwatsun sama a daro, sun darje su da omo da soso, sun mayar. Waɗanda hannu bai kai ba an tuttula musu bilic jarka-jarka, har tanki na biyu. Suna ta waƙa. Yaya ce a gaba, zaninta a ɗage, gumi yana zuba. Da ta gan ni ta miƙe tana murmushi, wallahi murmushin alheri, irin na wadda ta yi wa ƙanwarta abin arziki.

"Zo ki gani, uwar majina. Mun fitar da ke kunya. Shekara biyu kina zaune da wannan abin, mu yini ɗaya muka gama."

Buhun kanwar ya faɗo daga kaina. Ban san me na fara cewa ba. An ce na zagi kowa, na zagi shugaban makaranta da digirinsa, na ce wa Yaya jahila a gaban mata. Wannan na tuna shi, don na ga yadda fuskarta ta canza. Ni da na koyi baƙi da ƙyar da furfura a kaina, ni ce na jefe ta da wannan kalmar.

"Jahilar ce ta goya ki," ta ce. Ta ɗauki daronta ta tafi.

Washegari baƙi suka zo. Duwatsu fari tas suna ƙyalli a rana. Ba injiniya ko ɗaya a cikinsu, masu ofis ne. Babbansu ya ce duk wuraren da suka zagaya bai ga inda ake kula da matata kamar nan ba. Aka tsayar da ni a gefen tanki aka ɗau hoto, aka ce na yi murmushi. Na buɗe baki zan yi magana, shugaban makaranta ya ce, "Baba tana godiya," ya ja su zuwa cin abinci. An gaya mini hoton yana nan a bangon ofishinsu.

Kwana biyu bayan haka takardar amoniya ta yi kore. Kwana huɗu ta yi koren da ya wuce na ƙarshe a jikin kwalba. Ruwan da ke fita kwata daidai yake da wanda ke shiga, kuma a rani ne, tafki ya tsuke, ba ruwan da zai surka shi. Na je ofis na ce a kashe famfo, a kira motar kwashe masai ta riƙa ɗiba har yauƙi ya dawo. Ya ce in an kashe famfo sokawe zai tumbatsa a cikin makaranta, yara ɗaruruwa, ina zai kai su? Mota kuma sai ya rubuta takarda sama. Na je wurin mai gari. Ya ce zai yi magana da shugaban makaranta. Na kira malama ya fi sau goma.

Sai na yi abin da na sani. A wurinmu dabba in ta yi yaushi ta ƙi cin abinci, kanwa ake jiƙa mata. Kuma shekara biyu, duk lokacin da yauƙin nan ya yi kasala, kanwa ce take tashinsa. Na ce wataƙila akwai sauran masu rai a ƙasan tanki, bari na taimaka musu. Na tsoma takardar tsami, ta nuna takwas, ba tsami ko kaɗan. Na gani da idona. Malama ta ce sai takarda ta nuna, takarda ba ta nuna ba, amma hannuna ya ƙi zama. Na jiƙa bokiti guda na zuba. Washegari biyu. Cikin kwana biyar na ƙarar da rabin buhun nan.

Ranar da abin ya faru, mata masu zuwa ɗiban ruwan wanki ne suka fara gani da safe. Kafin na isa gari ya taru. Karfasa ce ta rufe gefen tafki, ciki sama, fari fat, iska tana turo su bakin gaɓa. Tarwaɗa ta fi taurin rai, ita tana ta hauhawa tana haki, wasu har suna fitowa kan taɓo. Zuwa azahar su ma sun bi. Manya-manya, wasu kamar damtsena. Ba wanda ya san kifin ya yi yawa haka sai da ya mutu. Wani tsoho da ya gama ɗinkin komarsa a satin ya tsuguna a bakin ruwa yana juya wata tarwaɗa da sanda. Mai gari ya hana a ci. Aka kwashe a amalanke aka kai gonaki aka binne.

Da yamma malama ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa, jariri yana kuka a kusa da ita. Na gaya mata komai, har kanwar.

"Nawa kika zuba, Baba?"

Na faɗa.

"Innalillahi. Baba, ki saurare ni. Bilic ne ya kashe matatar, wannan ba ke ba ce. Amma amoniya iri biyu take zama a ruwa. In ruwa yana tsakiya, yawancinta a ɗaure take, kifi yana iya jurewa na ɗan lokaci. In kanwa ta yi yawa sai ta kwance, ta koma mai dafin. Da yauƙin yana raye shi yake cinye kanwar. Babu shi, sai ta wuce tafki kai tsaye."

"Wato da ban zuba ba da sun rayu."

"Ban sani ba. Wataƙila da sun kai ranar su. Wataƙila da ba su kai ba. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Ta ce ba sai na gaya wa kowa ba, ita za ta rubuta cewa wankin ne sanadi. Na ce ta rubuta abin da za ta rubuta.

Aka yi taro a ƙofar gidan mai gari. Maza a tabarma, mata a tsaye daga baya. Shugaban makaranta ya yi magana mai tsawo, ya yi ta'aziyya kamar an yi mutuwa, sannan ya ce masu gadi sun ga Baba tana tuttula kanwa bokiti-bokiti, shi bai san ko haka aka koya mata ba. Bai ambaci bilic ba. Mai gari ya ce na matso.

"Ranka ya daɗe, na zuba," na ce. "Rabin buhu. Ba haka aka koya mini ba, kuma malama ta ce ya ƙara wa abin dafi. Wannan nawa ne, na ɗauka. To amma kafin kanwata akwai wanda ya sa aka wanke duwatsu bayan na gaya masa sau biyu kar a taɓa. Akwai waɗanda suka wanke. Akwai wanda na zo har nan na roƙa a kashe famfo. Ni na faɗi nawa. Saura su."

Ba wanda ya motsa. Shugaban makaranta yana duba wayarsa. Mai gari yana kallon ƙasa, don na ƙarshen da shi nake, kuma kowa ya gane. Daga bayan taro na ji muryar Yaya.

"Mu aikin da aka sa mu muka yi. Tun da nake ban taɓa jin inda tsabta ta kashe kifi ba."

Mata suka ce ƙwarai. Wani daga cikin maza ya ce ai ta amsa da bakinta, me ake jira? Abin da taron ya riƙe ke nan. Cikin duk maganar da na yi, kalma biyu suka ɗauka suka tafi da ita gida: na zuba. Aka ce na ba da mukullin ɗakin famfo. Na kwance shi daga bakin zanina na ajiye a kan tabarma, ban miƙa wa kowa a hannu ba.

Ɗaya daga cikin masu gadin aka ba aikin. Ba mugu ba ne, ya zo har gida ya ce na nuna masa takardun, na nuna masa. Amma shugaban makaranta ya sa a riƙa wanke duwatsun duk ƙarshen zango, tunda baƙi sun yaba. Da yauƙi ya fara kamawa sai hutu ya zo a darje shi. Malama ta rubuta takardarta, ban san a wace durowa ta kwana ba. Shugaban an yi masa canji zuwa babbar makaranta. Ba a sake yin su ba. Tsohon nan mai koma ya rasu a daminar da ta biyo.

Ni da Yaya mun yi wata bakwai ba ma magana, muna haɗuwa a suna da biki kowa ta kau da kai. Ran nan ina tankaɗe a tsakar gida sai ga ta ta shigo ba sallama, da ƙunshi a leda. Ta ajiye a kan turmi. Bandar tarwaɗa ce, manya guda uku, ta kasuwa.

"Ga shi nan. An ce kin rame."

"Wa ya ce?"

"Idona ya ce. Ki sa a miya."

Na ce, "Yaya, kalmar da na gaya miki ranar nan, ban kyauta ba. Ki yafe mini."

"Ya wuce."

Na jira. Ta gyara mayafi, ta dubi tukwanena da ke kife, ta ce gindinsu ya yi baƙi, ba na sa toka ne? Na ce, "Ba abin da za ki ce mini game da duwatsun?"

"Wane duwatsu kuma? Ke har yanzu kina nan?" Ta juya. A bakin ƙofa ta ce, "Sun fita fes dai, ko maƙiyi ya gani."

Na dafa kifin da daddawa, na ci ɗaya. Sauran biyun na kai wa matar tsohon nan mai koma, don tun da aka daina su ba wanda yake ware mata rabo.